Tsamiyar da Kuke Son Sarewa

Na ji duk abin da kuka ƙulla a zaure ran sunan 'yar ɗan'uwanku Balarabe. Kun ɗauka kunnena ya mutu saboda ina yawan ce muku "iye?" Kunnena lafiyarsa ƙalau, wani lokaci maganar ce ba ta kai a amsa ba. Na ji babban yayanku, wannan da ba na kama sunansa, yana cewa tunda titi ya biyo ta bayan gida, a sare tsamiyar bayan ɗakina a zuba shaguna a wurin. Na kuma ji abin da ya ɗora a kai, wai ai ma ita ce ta sa wa Inna iskoki tun tana amarya, gara a rabu da ita tsohuwa ta ƙarasa kwananta cikin natsuwa. Kuka haɗa baki kuka ce haka ne. Ko mutum ɗaya a cikinku bai taso ya tambaye ni ba, alhali ga ni zaune a tsakar gida ina gyaran zogale. To, tunda ba ku tambaya ba ni zan faɗa, kuma a rubuce, don na san halinku. In da baki na faɗa, kafin maganar ta kai ƙofar gida kun sa mata hannu da ƙafa.

An kawo ni gidan nan daga Janfalan a bazarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Ba zan ce muku na san abin da ake nufi da shi ba a lokacin. Abin da na gani kafin a kawo ni, 'yan makarantar boko ne da ƙananan tutoci, da rediyon da aka ajiye a zauren dagaci maza sun kewaye shi. Mu mata aka ce mana Turawa sun miƙa mulki, muka ce Allah ya sa alheri, muka ci gaba da surfenmu. Ni 'yar manoma ce. Gidanmu dangar kara ce, in ka tsaya a bakin murhu kana hango gonar gero har ƙarshenta. Tun ina yarinya aikina korar tsuntsaye, hadari ya sha ritsa ni a gona, kuma babu wanda ya taɓa cewa uffan in na dawo a jiƙe, sai dai Innata ta jefo min zani ta ce in matse kaina. Sai ga ni a Dandamisa, gidan malamai, katanga ta fi tsayin mutum, mace ba ta leƙa waje. Ban ƙi auren ba, kada wani ya je ya ƙara wannan a cikin labarin. Na so babanku, shi ma ya so ni, duk da dai mutum ne da ko tambayarsa ka yi gari ya waye sai ya ce bari ya ji ta bakin Malam. Malam shi ne mahaifinsa, kakanku, mai makarantar zaure. Sai ƙanwar Malam, Goggo Delu, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Ita ce ke riƙe da cikin gida, domin mahaifiyar babanku ta rasu tun kafin in zo.

A duk gidan abu ɗaya ne ya yi min kama da inda na fito, shi ne tsamiyar nan. Tana cikin katanga, a lungun bayan ɗakina, kuma da na zo shamuwa sun riga sun sauka a kanta suna ta jidar kara suna gyaran sheƙa. Ran da hadarin farko ya haɗu, gida ya hautsine yadda kowane gida ke hautsinewa. A kwashe shanya, a shigar da itace, a kora kaji akurki, a jera tukwane ƙarƙashin indararo, Goggo na ta ihu a kife madubi, mai sanye da jan zani ta je ta sauya saboda tsawa. Na yi nawa aikin tsaf, kada ku ce gudun aiki na yi. Da na gama, kowa ya shige ɗaki ya ja asabari, ni kuwa ƙafata ta kai ni gindin tsamiya.

Ban san yadda zan faɗa muku ku gane ba, ku da in hadari ya taso damuwarku ɗaya ce, kada a ɗauke wuta kafin waya ta cika caji. Kafin iska ta iso akwai wani shiru da gari ke yi. Kurciya ta bar kuka, awaki su yi cirko-cirko, tsattsewa su sauko ƙasa-ƙasa har ka ji wucewarsu a gefen kunne. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Sai shamuwa, duk wadda ke kiwo a fadama ta dawo, su jeru a kan rassa, kowace ta juya baki wajen da iskar za ta fito, ta noƙe wuya, ta ƙanƙame reshe. Sannan ka jiyo ta tafe tun daga nesa cikin gonakin rake, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ta isowa. In ta bugi tsamiya, saman na sunkuyawa yana tashi, amma in ka jingina bayanka da gindin sai ka ji wani motsi can ciki a hankali, kamar ka jingina da saniya tana numfashi. A wannan lokacin ni ba amaryar kowa ba ce, ba surukar kowa ba. Tsoron da ke jikin shamuwa shi ne a jikina, ƙishin ruwan da ke jikin itacen shi ne a jikina, dukanmu mun tsaya muna jiran abin da Allah zai sauke. Ƙirjina da ke cushe tun ranar da aka kawo ni sai in ji ya buɗe. Iyakar abin ke nan. In kun ga aljani a cikin wannan bayani, ku nuna min inda yake.

Da ruwa ya ɗauke na fito daga lungun ina ɗiga, sai ga Goggo tsaye riƙe da tsintsiya.

"Ke amarya, me kika je yi a can?"

"Ba komai, Goggo. Tsayawa na yi."

"Tsayawa? Wani abu kika yar?"

"A'a."

"Ko kaza ce ta maƙale?"

"Kaji duk suna akurki."

"To wa ya kira ki?"

"Babu wanda ya kira ni."

"Uhm," in ji Goggo.

Wannan "uhm" ɗin har yau ina jin sa. Da na ce mata ƙirare na je tsinta, da magana ta mutu a nan, domin a gidan nan an yarda mace ta jiƙe saboda itacen girki. Abin da ba a yarda da shi ba, mace ta tsaya haka kawai. Ni kuma ban ga abin ɓoyewa ba, don haka duk hadarin da ya taso, in na gama aikina, ina can. Goggo ta fara sa min ido. In na yi atishawa ta kalle ni, in na yi shiru ta kalle ni, in na ce yau ba na son miyar kuka ta gyaɗa kai. Ga shi kuwa lokacin na fara laulayin cikin yayanku, komai tayar min da zuciya yake yi. Duk wannan ta tattara ta ajiye a ranta.

Abin ya fashe a tsakiyar damina, ran wata kasuwar Makarfi, babanku ba ya nan. Bayan azahar aka haɗa wani hadari da ban taɓa ganin irinsa ba, iska ta zo da ƙarfinta har tana tuge dangar mutane. Ina gindin tsamiya, ta fizge min kallabi ta yi sama da shi. Sai ga wata shamuwa da ta makara a fadama tana son sauka a sheƙarta. Ta miƙo ƙafafu za ta taka reshe, iska ta mai da ita baya. Ta sake zagayowa, iska ta sake mai da ita, ƙafafun nan na reto, ita kuma ko a jikinta, sai ka ce tsohuwa tana neman hawa jaki. Wallahi ko wane ne sai ya yi dariya. Na yi ta ƙyaƙyatawa ina ce mata, "Yi haƙuri, sake gwadawa!" A daidai wannan lokacin iska ta yaye jinkar ɗakin Goggo ta kifa ta bayan katanga. Goggo ta fito a guje tana salati, ta zagayo lungu, ta gan ni kai ba kallabi, hannu a sama, ina dariya ina magana da saman itace.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a ku zo! Suna yi mata magana tana amsawa!"

"Goggo, shamuwa ce, dubi!"

Ta duba. Shamuwar kuwa, don ta ƙarasa ni, ta riga ta sauka ta lafe cikin 'yan'uwanta.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Wai mutanen kan tsamiya sun kama amaryar gidan Malam, wai su ne suka yaye ɗakin Goggo don ta sa musu ido, ga shaida nan, ɗakin amarya ko ɓurɓushi bai zuba ba. Yo ɗakina soro ne, rufin ƙasa da azara, nata kuwa jinka ce da gara ta cinye tun bara! Na faɗa, na sake faɗa. Duk wadda na yi wa bayani sai ta dubi ta kusa da ita ta ce ai haka suke, ba sa yarda.

Daga nan aka shiga yi min magani. Goggo ta tsare babanku sai da ya riƙa wanko min allo safe da yamma. Na sha rubutu har harshena ya rine. Ayar Allah ce, ban ƙi ta ba, amma in ka sha abu don ciwon da ba ka da shi, ran mutum sai ya ɓaci. Ta kawo kasko da garwashi ta zuba wasu saiwoyi, ta lulluɓe ni da bargo, ga laulayi ga hayaƙi. In na yi amai ta ce aljanin yana fita, in ban yi ba ta ce ya yi taurin kai. Babanku ya zo ya zauna bakin gado yana murza hularsa.

"Indo, ki faɗa min tsakaninki da Allah. Ko a mafarki, ba kya ganin wani?"

"Ina gani."

Ya zabura. "Wa?"

"Goggo, da kasko."

Bai yi dariya ba. Ya ce in daina wasa da irin wannan magana, kuma zai ji ta bakin Malam.

Malam dai yana zaure da karatunsa. Matan unguwa kuwa suka mai da ɗakina wurin kallo. Wadda ba ta taɓa shigowa gidan ba sai ga ta ta zo aron rariya, tana tsaye tana leƙen idona. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta raɗa min wai akuyarta ta ɓata tun ran Juma'a, in hadari ya taso in taimaka in tambayar mata. Na ce ta je ta duba gonar rogon da na sha jin ana cewa akuyar na yi wa ɓarna. Ta je, ta same ta a can. Kun ga na kashe kaina ke nan! Washegari aka ce ba kama ni kawai suka yi ba, har faɗa min abubuwa suke yi.

Ƙarshen abin wata baiwar Allah ce daga Likoro, ta daɗe da aure ba haihuwa. Ta tako da ƙafa tun daga can, ta shigo da hantsi ina daka, ta gaishe ni har ƙasa kamar wata babba. Kafin in gane abin da ya kawo ta, ta wuce lungu, ta ɗaure farar kaza a saiwar tsamiya, ta juye ƙwaryar nono a gindin, ta durƙusa tana kuka. Ban ga laifinta ba har yau, wanda ke cikin irin wannan hali duk abin da aka ce masa zai yi. Na jefar da taɓarya na bi ta ina cewa, "Baiwar Allah, tashi, itace ne fa, itace!" Ina cikin jan hannunta sai na ji gyaran murya. Malam ne ya shigo da butarsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi kazar, ya dubi nonon da ƙudaje suka fara bi, ya ce wa matar ta kwance kazarta, ya yi mata nasiha a hankali, ya yi mata addu'a, ta fita tana share hawaye. Sannan ya aika aka kira babanku.

"Ina zaure ina karantar da tauhidi, ana zuba nono a bayan gidana. Ka nemo masassaƙa. Bayan Juma'a a kwantar da itacen nan."

Ko Goggo sai da ta girgiza.

"Yaya, shamuwa fa? Da 'ya'yansu a sama. Ai ba a taɓa shamuwa."

"Allah zai ba su wani reshen," in ji Malam, ya wuce.

Ran Alhamis masassaƙa suka zo duba aiki. Suka zagaya ta, suka bubbuga gindin, suka yi ta gardamar inda za ta faɗi kada ta danne katanga. Da za su tafi ɗaya ya jingina gatarinsa a jikinta, wai ba sai ya sake ɗaukowa gobe ba. Na tsaya ina kallon gatarin nan. A sama 'ya'yan shamuwa na miƙo wuya suna jiran iyayensu, ko gashin kirki ba su gama yi ba. Wato don ina son abu, shi ya sa za a kashe shi? Itacen da ya riga kakan Malam zuwa garin nan, a sare shi saboda 'yar Janfalan ta jingina da shi?

Ku 'yan yanzu ba za ku gane girman abin da na yi ba, ku da matanku ke zama kujera ɗaya da ni suna miƙe ƙafa. Tun da aka kawo ni ban taɓa yi wa Malam magana ba in ban da gaisuwa, ita ma daga nesa, a durƙushe, fuska a gefe. Ran nan bayan la'asar yana zaune kan buzu a inuwar rumbu yana jan carbi, na tako har gabansa na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, magana gare ni."

Goggo ta saki ludayi cikin tukunya.

"Kun ji ko? Yanzu haka shi ne a kanta. Yaushe Indo ta taɓa buɗe baki gaban Yaya?"

"Goggo, don girman Allah ki bar ni in yi magana da bakina yau ɗaya a gidan nan!"

Malam ya ɗaga hannu. "Delu, ba mu wuri."

Sai na ɓalle. Na ce na sha rubutu ban yi musu ba, an turara ni kamar kifi ban yi musu ba, an mai da ni abin kallo na haɗiye. Na ce me tsamiya ta yi? Ita ta aika Likoro a kawo mata kaza? Ita ta ce a bar jinka gara ta cinye? In akwai mai laifi ga ni, a mai da ni Janfalan, amma itace da tsuntsaye ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ina magana ina kuka, kukan haushi. Ya bar ni har na gaji.

"To 'yar nan, me kike ji a can?"

Shi ne mutum na farko a gidan da ya yi min wannan tambaya yana jiran amsa. Na faɗa masa yadda na faɗa muku a sama, sai dai a hargitse. Ya ajiye carbinsa.

"Ni ban ga aljani a jikinki ba, tun farko ma ban gani ba. Amma ba zan iya bin gida-gida daga nan har Likoro ina bayani ba. Muddin ana ganin ki a gindinta in hadari ya taso, za a ci gaba da kawo kaji, kuma ba zan tsaya gaban Ubangijina da wannan ba. Sannan tsawa tana son dogon itace, ga ki kuma ba ke kaɗai ba."

Wannan ta ƙarshe ita ce magana ɗaya mai hankali da aka yi min a duk daminar, ban musa ba.

"Ɗaya ne cikin biyu," in ji shi. "Ko ke ki bar zuwa, ko ita ta bar wurin."

Kada wani ya ce an yaudare ni ko an tilasta min. Na san abin da nake bayarwa. Na ɗaga kai na dubi tsamiyar ta saman ɗakina, na ce, "Na bari. Muddin tana tsaye, hadari ba zai sake samu na a waje ba. Wallahi..."

"Kada ki rantse. Alkawari ya isa. Ni ma na ɗaukar miki, muddin ina da rai ƙarfe ba zai taɓa ta ba."

Da kansa ya tashi ya ɗauke gatarin daga jikinta, ya ba babanku ya mayar wa mai shi.

Hadarin da ya biyo baya na yi aikina, na shiga ɗaki, na ja asabari. Na zauna bakin gado cikin duhu ina jin iska na tafe ta cikin rake, ina jin lokacin da ta bugi tsamiya, bango ne kawai tsakaninmu. Na cusa gefen zani a baki na cije. Da ruwa ya ɗauke na fito, ga Goggo a tsakar gida ta tara mata tana washe baki.

"Kun gani? Ko leƙowa ba ta yi ba. Na ce muku hayaƙin nan ba ya ƙarya. Ya fita!"

Aka yi ta yi mata barka, ni ma aka yi min sannu da jiki. Kun ji inda labarin da kuke riƙe da shi ya samo asali. Da na ci gaba da fita, an ce yana nan. Da na daina, an ce da ma yana nan, yanzu ya fita. Babu ta inda zan bi in wanke kaina. Na tsirar da tsamiya, Goggo ta tafi da labarin, kuma nata ne ya kai gare ku, domin ita ce ta yi renon yayanku tana zuba masa shi a kunne tun bai iya tafiya ba. Allah ya jiƙan ta, ta so ni a yadda ta iya, amma ta gajiyar da ni.

Babanku bai taɓa cewa ya gane ba, kuma ban yi tsammanin ya gane ba. Amma wata safiya kafin damina ta fita na jiyo bugu a bangon ɗakina ta baya. Na zagaya na same shi da ƙarfe yana huda bangon, ƙasa duk ta ɓata masa gemu.

"Me kake yi haka?"

"Hayaƙi na yi wa ɗakin nan yawa."

"Ni da ba na girki a ɗaki?"

"To, wata rana zai yi yawa."

Ya huda 'yar taga, faɗinta bai wuce faifai ba, daidai tsayin fuskata in na tsaya. Ban ji ya ce zai ji ta bakin Malam ba a kan wannan. Ta cikinta ana ganin reshe guda da rabin sheƙa, sai ɗan yankin sama. Ta nan na ga 'ya'yan shamuwar shekarar sun yi fiffike sun tashi. Ta nan na kalli hadarin duk daminar da ta biyo baya, da goyo da ciki, har kuka girma kuka watse. Iska na shigowa ta bugi fuskata, ƙamshin ƙasa na shigowa. Amma bayana bai sake jin motsin nan na gindinta ba. Da rani na sha jingina da ita ina tsinke zogale, sai dai da rani itace ne kawai yana tsaye.

Malam ya cika nasa har ya koma ga Allah. Bayan Goggo ma ta bi shi, babanku ya ce min wata rana ana haɗa hadari, "Indo, yanzu wa zai hana ki? Fita mana." Na ce mutum ya riƙe min alkawari har kabarinsa, ni kuma in karya nawa don ba ya nan ya gani? Ya ce taurin kaina ya fi na jakin ɗaukar rake. Na ce na ji. Da kuka zo kuka rushe ɗakin kuka yi min na bulo, kun tuna rigimar da na yi sai an sa taga ta bayan nan, kuka ce tsufa ne, iska ta fi shigowa ta gaba. Kuka sa ta don in yi shiru. Har yau in hadari ya taso sai wani cikin 'ya'yanku ya rugo ya rufe ta, wai kada sanyi ya kama Inna, in tashi da sandata in buɗe, a kalli juna a gyaɗa kai irin na Goggo.

Yanzu ga shi kun taru za ku yi min maganin da aka fasa yi min ina amarya, da hujja iri ɗaya, kuma ku ma don kuna so na. Na gaji da irin wannan so. Gidan naku ne, takarda ma da sunanku take, ba ni da ƙarfin riƙe hannun mai inji. Amma ku san abin da kuke sarewa. Bana ma shamuwa sun zo, ba su kai na da yawa ba, amma sun zo, kuma akwai 'ya'ya a sheƙar da ke saitin tagata. Kai kuma babba, kana cikina aka yi cinikin nan, har da kai Malam ya sa a lissafi, don haka kada in sake jin kalmar iskoki a bakinka.

Na san abin da ɗayanku zai ce, don akwai masu wayo a cikinku. Zai ce ai in an sare ta Inna ta huta, alkawari ya sauka daga wuyanta, tunda cewa ta yi muddin tana tsaye. Gaskiya ne. Ran da ta faɗi, babu abin da ya ɗaure ni, sai in yar da sanda in fita tsakiyar hadari kai ba kallabi, abin da nake marmari tun ba a haife ku ba. To in na fita, in jingina da me? Da bangon shago?

Ku bar min ita a tsaye ni kuma in zauna a ɗaki, haka muka yi da Malam. In na mutu ku yi abin da kuka ga dama, amma ko a lokacin ku jira kaka ta yi, tsuntsayen su tashi da 'ya'yansu. Ga gabas can ta fara yin baƙi, kurciya ta yi shiru. Zan ajiye alƙalamin nan in je in tsaya a wurina. Duk wanda ya taɓa min tagar nan yau, zai ji abin da Goggo ba ta ji ba.